Buhu Mai Kunne Ɗaya

Mun tashi da asuba daga bakin mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsi, bayan mun yi salla a kan tabarmar mai gadi. Mu uku ne a gaban kamyo, babbar motar kaya: direba, ni a tsakiya, sai wani tsohon soja a bakin ƙofa. A bayanmu buhunan geron taimako ne, za mu sauke wani kashi a wani ƙauye na ƙasar Gaffati, sauran mu kai Hamdara. Shekara ta biyu kenan da damina ta juya mana baya, kuma duk wanda ke zaune a Damagaram ya san abin da hakan ke nufi. Tun da labarin wannan tafiya ya riga ya zaga biro, wato ofishinmu, kowa yana ƙara masa nasa gishirin, na ga gara in rubuta muku shi yadda ya faru, iyakar abin da na iya tunawa.

Kamyon sabo ne, masu ba da taimako suka kawo shi. Yana da wani hannun ƙarfe a bayan kansa wanda ke ɗaga raga cike da buhuna ya dire ta a ƙasa. Ranar da ya iso, shugaban biro ya kira ni ya ce in bi shi tafiyar farko, in dawo in rubuta masa shafi ɗaya: idan hannun ya isa, to babu sauran buƙatar tsohon sojan, wanda aikinsa ɗinke bakin buhu ne da lodi da saukewa. Wata huɗu kacal da na fara aiki bayan na gama jami'a a Yamai. Tsohon kuwa gidansa cike yake da dangin da fari ya koro daga ƙauye, duka a kan wannan aiki suke ci. Ba wanda ya gaya masa abin da aka aike ni yi, amma tun da ya shigo mota bai amsa gaisuwata da kyau ba.

Ya kamata in bayyana yadda kayan suke, don a nan matsalar take. Raga uku muka ɗauka. Biyu geron ci ne. Ɗaya geron iri ne na Hamdara, wanda aka barbaɗa wa wani jan magani don kada ƙwari su cinye shi a ƙasa, kuma maganin guba ne ga ɗan Adam. Buhunan duk iri ɗaya ne, don waɗanda ke da rubutu sun ƙare mana. Saboda haka na sa alli na zana babban zagaye a kan kowane buhun iri, na kuma rubuta a takarda: raga ta ɗaya abincin ƙauye, ta biyu abincin Hamdara, ta uku iri. Na duba takardar nan sau uku kafin in kwanta. Sannan, don gwajin ya zama na gaskiya, na roƙi tsohon kada ya taɓa buhu ko ɗaya, tun daga lodi har mu dawo. A lokacin na ɗauka adalci nake yi.

Gari bai gama wayewa ba muka wuce famfon unguwa. Garewani da bokitai sun yi layi har ya sha kwana, masu su sun ɗora musu duwatsu sun koma gida, don ruwan ba ya zuwa sai ya ga dama. A bayan gari, tsakanin manyan duwatsun nan namu, Fulani da Buzaye sun kafa bukkoki da tsumma da kwali. Ban ga dabba ko ɗaya a wurinsu ba. Can gaba kaɗan wasu fatake 'yan Kano suna ɗaure fatu a kan mota. An ce mini yanzu saniya ba ta sayen buhun gero, ban tabbatar da kaina ba, amma yawan fatun ya sa ban yi musu ba.

Muna barin kwalta direba ya fara tsokana. Ya bubbuga madannan hannun ƙarfen da ke gefensa ya ce, "Baba Soja, yau hutu gare ka. Ga ƙanenka zai yi aiki, ba ya shan shayi, ba ya ciwon baya."

Tsohon bai ko dube shi ba. Ya ce, "Na san irinsa. Na zauna da yayansa a cikin shar tun ba a yi maka kaciya ba."

Shar, ashe, tankar yaƙi yake nufi. Daga nan aka buɗe gardamar da ban samu hutunta ba sai bayan azahar, kuma a kan kunnuwana aka yi ta, don ni ne a tsakiya.

Abin da na fahimta shi ne, tsohon ya yi soja a zamanin Faransawa, kuma aikinsa a cikin tanka shi ne ɗura wa igwa harsashi. Ya ce harsashin iri biyu ne, akwai mai huda ƙarfe, akwai mai tarwatsewa. Cikin tanka zafi, hayaƙi, ba a gani sosai. Kumandan zai yi tsawa ya faɗi wanda yake so, shi kuma ya miƙa hannu ya shafa hancin harsashi, ya gane shi ba tare da ya duba ba. Daga baya aka mai da shi wata ƙaramar tanka mai ɗura wa kanta daga wasu ganguna biyu. Ya ce tana da sauri, bai hana ta wannan ba, amma da gangunan sun ƙare sai mutum ya fita waje ya cika su, ko ana harbi ko ba a yi.

Direba kuwa ya yi shekaru yana tuƙi a Libiya, ya ce ya ga tankokin Rasha da idonsa. Mutum uku ne a ciki maimakon huɗu, na'ura ce ke zaro harsashi daga wani faifai a ƙarƙashinsu. Tankar gajeriya ce, da wuya a same ta. Na'ura ba ta gajiya, ba ta tsoro, kuma in abin ya ɓaci uwa uku ce za ta yi kuka, ba huɗu ba. Tsohon ya ce ai dole su yi kuka, tun da an zaunar da 'ya'yansu a kan harsashi, wuta na shiga kan tankar zai tashi kamar murfin tukunya. Ya ce kuma in sarƙar ƙafa ta tsinke wa zai ja? Wa zai yi gadi in sauran sun kwanta? Na'urar ce za ta dafa musu shinkafa?

Sau ɗaya na sa baki, kuma na yi nadama. Na ce na taɓa karantawa a wata mujalla, in ban manta ba, cewa Amurkawa da Jamusawa har yanzu mutum ne ke ɗura musu, Rashawa kuma na'ura, saboda haka wataƙila kowanne yana da hujjarsa. Direba ya ce, "Ka ji ko, Baba? Mushe ma ya ce Rashawa sun ci gaba." Ni ne Mushen, haka ake kiran ma'aikacin biro a bakin Faransanci. Tsohon ya ce, "Kurma ne kai? Cewa ya yi masu kuɗi ma ba su yarda da ita ba." Suka juyo gare ni tare, kowa yana jiran in tabbatar da nasa. Na ce ƙishirwa nake ji.

Hanyar yashi ce zalla. Gonaki a share, an yi musu kunya-kunya ana jiran ruwan da ba a san ranar zuwansa ba. Itatuwan gawo duk an sassare musu rassa an ba dabbobi. Mun wuce mata suna dawowa daga daji da ƙwarya cike da dilo, 'ya'yan wani itacen daji, wanda sai an jiƙa shi kwana da kwanaki kafin ɗacinsa ya fita. A wata 'yar kasuwa muka tsaya direba ya nemi fura, aka kawo mana wata da in ka leƙa ƙwaryar kana ganin fuskarka. Mun sha, mun gode. Mai furar ta tambaye mu ko geron motar nasu ne, na ce a'a, na ƙauyen gaba ne. Ta karɓi ƙwaryarta.

Hantsi ya ɗaga muka isa ƙauyen. Jama'a sun taru tun kafin mota ta tsaya. Tsohon ya sauka, ya tafi can gindin wata bishiya ya zauna ya ba mu baya, tun da na hana shi aiki. Aka yaye tamfol. Nan gabana ya ɗan faɗi, don girgizar hanya da gogar tamfol sun share allina tas, babu zagaye ko ɗaya. Amma na ce ba komai, ai ga takarda. Na ƙirga raga ta ɗaya daga bayan mota, na nuna wa direba.

Gaskiya hannun ƙarfen nan ya burge ni. Kafin mai gari ya gama yi mana sannu da zuwa, raga tana ƙasa. Da mutane ne za su sauke, da an daɗe, balle ma mazan da na gani a wurin, waɗanda wuyansu ya yi tsawo, ban ga mai iya saɓa buhu a cikinsu ba. Na rubuta wannan a littafina. Mai gari ya tambaye ni, "Mushe, wannan duk na ci ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, duk na ci ne." Wannan ita ce kaɗai maganar da na faɗa a ranar ba tare da na ce wataƙila ba.

Muka yanko ta wata hanyar shanu muka hau kwalta, muka wuce Mirya. Lambunanta da na sani kore shar sun yi fari-fari, amma kukokin suna nan yadda suke. Direba yana ta murna da saurin da muka yi, yana cewa da tankar Rasha ce da yanzu an ci yaƙi an koma gida. Tsohon ya sa goro a baki. Na ɗauka gardama ta mutu. Ashe numfashi yake tarawa, don muna wuce garin ya dawo da maganar sarƙar ƙafa daga farko.

Bayan azahar muka shiga Hamdara. Hannun ya sauke raga biyun da suka rage, ni kuma ina tsaye da wakilin gari muna gaisawa. Tsohon ya sauko zai wuce masallaci. Da ya zo gefen buhunan, sai hannunsa ya kai kansu, ina jin ba da niyya ba, sabo ne kawai. Ya shafa ɗaya, ya shafa na biyu. Ya tsaya. Ya zagaya raga ta biyu ya bi ta da hannu har ƙasa. Sannan ya kira ni, a hankali, ba irin muryar gardama ba.

"Mushe, ina irin?"

Na nuna masa raga ta ƙarshe.

Ya ce, "Wannan kunne biyu gare shi. Duka kunne biyu ne."

Ban gane ba, sai da ya kama hannuna ya ɗora a bakin buhu. Ashe in yana ɗinki, buhun abinci yakan bar masa kunne biyu, ɗaya a kowane gefe, wurin kamawa. Buhun iri kuwa kunne ɗaya yake bar masa, ya naɗe ɗaya gefen ya ɗinke. Ba wanda ya sa shi, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba. Ya ce haka ya saba, abin da zai iya kashe mutum dole hannu ya san shi ko ido bai gani ba.

Na ciro takardata. Raga ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Komai daidai. Abin da ban rubuta ba shi ne daga wane gefe ake fara ƙirgawa. Ranar lodi a gaban mota na tsaya, a ƙauyen kuma a baya. Ashe ragar iri na sauke wa ƙauyen. Na ce wataƙila za su ga jan maganin su yi shakka. Direba ya ce, "Wace shakka? Bara jar dawar Amurka aka kawo musu, suka ci. Za su ce wannan ma geron Nasara ne." Ga shi kuma ni da bakina na ce duk na ci ne.

Tsohon ya dubi rana ya ce mata ba sa fara surfe sai inuwa ta yi tsawo. Hannun ƙarfe ya mai da raga ɗaya ta abinci cikin mota, muka ba mutanen Hamdara haƙuri a tsaitsaye, muka juya. Ban taɓa jin tafiya mai tsawo irin wannan ba, ko da yake hanyar da muka biyo ce da safe. Na gwammace a ce sun ci gaba da gardamar tankokinsu.

A wani kwari, saura kaɗan mu isa, mota ta nutse a yashi har gindi. Ni da tsohon muka durƙusa muna tono da hannu, yana cewa, "Ka gani? Mutum na huɗu kenan." Direba ya ce mu matsa. Ya sauke ƙafafun ƙarfen da ke tokare motar in hannun yana aiki, ya sa musu katako a ƙasa, suka ɗaga ta sama, muka cusa ƙirare a ƙarƙashin taya, ta fita. Ya leƙo ta taga ya ce, "Baba Soja, mutum na huɗu ya iya wannan?" Tsohon ya kakkaɓe rigarsa ya shiga mota. Ni dai ina ta cewa don Allah mu tafi.

Tun daga nesa muka jiyo ƙarar taɓarya. A shekarar nan babu sautin da ya fi wannan daɗi a ƙauye, amma ni ji na yi kamar a ƙirjina ake dakan. Na diro kafin mota ta tsaya, ina ihu kada a ci, kada a ci. Allah ya taimake mu, rabon ya tsaya tun da rana saboda an yi ta jayayya a kan gidajen da suka tafi ci-rani, ko za a ajiye musu nasu ko a'a. Buhu biyu kaɗai aka buɗe, aka raba wa gidajen da suka fi galabaita. Mai gari ya sa aka yi shela, muka bi gida-gida. Wasu sun wanke, ruwan ya yi ja, sun zubar sun sake wankewa. Wasu sun zuba a turmi. Ba wanda ya kai ga ɗora tukunya. Na tambaya sau ba adadi ko wani yaro ya ɗanɗana, aka ce a'a, na sake tambaya har mai gari ya ce, "Mushe, an gaya maka."

A gida na ƙarshe wata tsohuwa ta zauna a kan ƙwaryarta ta ƙi tashi. Na durƙusa na ce, "Inna, guba ce, ki ba mu, yanzu za a kawo miki mai kyau."

Ta ce, "Ɗan nan, ba kai ne ka ce na ci ne da safe ba?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "To da safe ka yi ƙarya ko yanzu? Kawo mai kyaun in gani tukuna."

Ban ga laifinta ba. Tsohon soja, wanda na hana taɓa buhu, ya koma mota ya saɓo guda a kafaɗa, yana nishi, ya dire a gabanta. Ya kama hannunta ya ɗora a bakin buhun ya ce, "Yaya, kin ji kunne biyu? In kin ji ɗaya, ko gwamna ne ya ce ki ci, kada ki ci." Ta shafa, ta tashi daga kan ƙwaryar. Aka ƙone turamen da maganin ya taɓa, abin da ya ƙara mini kunya, don turmi ba abin wasa ba ne a gidan talaka. Muka kwashe irin, muka bar musu abincinsu.

Da magariba muka shigo Damagaram, irin Hamdara yana bayanmu, sai washegari aka kai musu. A hanya direba ya so ya tayar da gardama, ya ce ai na'ura ba ta yi kuskure ba, abin da aka nuna mata ta ɗauka. Tsohon ya ce, "Abin da nake gaya maka kenan tun safe." Kowannensu ya ɗauka shi ya ci. Ni kuwa na san a kan wa maganar ta faɗa.

Kwana biyu ina fama da shafi ɗayan nan. Na farko da na rubuta, hannun ƙarfe ya fito da kyau, tsohon ma ya fito da kyau, an samu ɗan jinkiri a hanya saboda wasu dalilai. Na karanta na ga in shugaba ya bi wannan takarda, tsohon ya tafi gida kenan, don babu abin da ke cikinta da ya nuna amfaninsa. Ba yadda za a yi in faɗi abin da ya yi ba tare da na faɗi abin da na yi ba. Na yaga. Na rubuta cewa na sauke wa ƙauye guda guba na ce musu abinci ne, hannun ƙarfe ya yi aikinsa daidai da sauri, kuma tsohon ne ya gane, da hannunsa, bayan na hana shi taɓa kayan.

Shugaba ya karanta, ya cire tabarau, ya yi mini faɗan da har masu shara suka ji. Bai kore ni ba, amma ya ce kada in sake tsara lodi ni kaɗai. Tsohon kuma ya ce ya zauna, kuma tun da shi ya san buhu, shi zai riƙa sarrafa hannun ƙarfen daga yanzu, direba ya koya masa.

In kun tambaye ni wace tanka ta fi, mai mutum uku ko mai huɗu, har yanzu ban sani ba, kuma ina roƙon kada a sake tambayata. Na ga ƙarfe ya yi abin da ƙarfinmu ya kasa sau biyu a rana ɗaya. Na kuma ga ya ɗauki guba da ladabi ya ajiye inda na nuna masa. Abin da na koya a tafiyar nan bai wuce wannan ba: ƙarfen ba zai taɓa juyowa ya tambaye ni ina irin ba, kuma ni mutum ne da ke buƙatar a tambaye shi.

Na zaci tsohon zai zo ya yi mini godiya. Ya zo ɗin, jiya da safe, amma da ƙara. Ya ce, "Mushe, kai ka ja mini wannan. Shekara talatin ina zagin abin nan, yau ga ni ina matsa masa kunne, wancan ɗan Libiya yana tsaye a kaina yana ba ni oda." Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya ciro basilla da igiyar ɗinki ya ajiye a kan teburina, ya ce gobe bayan sallar asuba in same shi a mangaza. Sannan ya kwashe allin da ke gabana ya zuba a aljihu, ya ce jikokinsa da ke karatu a lakwal sun fi ni sanin inda ake amfani da shi.